Abin da Na Gani a Marwa da Abin da Na Tarar a Filinmu

Tun da na dawo daga Marwa ba a bar ni na sha shayi cikin natsuwa ba. A majalisa tambaya, a ƙofar masallaci tambaya, har wanda bai zo ya yi mini sannu da zuwa ba sai ya tare ni a hanya ya ce, "Malam Ado, yaya ƙasar Faransa?" To, ba ƙasar Faransa na je ba, Kamaru na je, kuma ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Na gaji da ba da labari guntu-guntu, kowa ya tsinci inda ya yi masa daɗi ya bar sauran. Saboda haka zan faɗe shi sau ɗaya, bi da bi. Wanda ya fara karantawa kada ya tsallake.

Da farko dalilin tafiyar. Duk ɗan unguwarmu ta Lamisula a Maiduguri ya san filin da ke bayan masallaci, amma saboda baƙo zan bayyana. Fili ne na yashi, dogon yaro ya kewaye shi ta gefe uku, tsakiyarsa babu komai. Iyayenmu ne suka dasa itatuwan sadaka, har da mahaifina, shekarar da ya zo daga Kano da keken ɗinkinsa. Da hantsi mata suna shanya a gefe, da yamma yara suna ƙwallo. Amma babban aikinsa jana'iza ce. Gidajenmu a matse suke, lungunanmu ba sa ɗaukar sahu ɗaya na kirki. Duk wanda ya rasu a unguwar nan a filin ake yi masa salla, kuma ni nake daidaita sahu, shekara da shekaru.

Sai ga wata ƙungiya mai aikin gyaran birane ta zo da shirin ƙara wuraren shan iska da hanyoyin tafiya a ƙasa a cikin Maiduguri, filinmu yana ciki. Wadda ta kawo zanen yarinya ce mai ladabi daga unguwar Mairi, Injiniya Yagana. Ta shimfiɗa takarda a gabanmu. Na ga katanga da ƙofa. Na ga hanya tana lanƙwasa kamar maciji, furanni a nan, furanni a can, a tsakiya kuma wani kurtun siminti mai feshin ruwa. Na ce, "'Yata, tambaya biyu. Ina za a ajiye makara? Ina liman zai tsaya?" Ta ce ai akwai harabar masallaci. Na ce harabar da ranar Juma'a ma takalma ne kawai suke samun wuri? A nan taron ya watse.

Masu ƙungiyar suka ce a kai wakilan unguwa Marwa su ga yadda gari yake da itatuwa da lambuna, wai ido zai buɗe. Aka zaɓe ni domin ni ne na ƙi. Aka zaɓi Ba Modu, dillali a Kasuwar Shanu, domin shi kawun Yagana ne, uwarta ta ce ba za ta ƙetare iyaka ba sai da shi. Mu uku muka tafi.

Zango na farko, daga Maiduguri zuwa Banki. Direba ya ce da an idar da sallar asuba za a tashi. Na isa tasha na tarar yana barci a kan benci, mota ba taya ɗaya. Ba mu tashi ba sai da rana ta fara cizo. Ba Modu ya iso a ƙarshe yana ƙamshin turaren wuta, ya gaishe ni da Barbarci, "Wushe, Sarkin Sahu! Kai ka buɗe musu tasha?" Na ɗauki jakata na shiga mota.

Hanyar Bama kun san ta, ba sai na tsawaita ba. A kowane shinge a sauka, a taka a ƙasa, a sake hawa. Ni ban ƙi wannan ba, tsari ne, kuma mun san abin da ya kawo shi. Abin da na ƙi shi ne duk lokacin da aka koma mota sai kowa ya zauna a wurin da ba nasa ba. Kusa da ni akwai wata mata mai komawa Banki bayan shekarun gudun hijira. A cinyarta gwangwanin madara ne, a cikinsa ɗan dashen mangwaro mai ganye huɗu ko biyar. Duk saukar da muka yi da shi take sauka, tana kare shi da mayafi. Yaron mota ya ce ta sa shi a but. Ta ce, "Kai ka shiga but ɗin." Na tambaye ta, ta ce na tsakar gidanta an ƙone shi tare da gidan, ɗakin an sake yi mata, amma inuwa ba mai yi mata sai ita. Wannan mata ita kaɗai na ga mai hankali a motar.

Zango na biyu, iyaka. Banki da Amchide gari ɗaya ne aka raba, ka taka kaɗan ka fita daga ƙasarku. A nan wulaƙanci na farko ya same ni. Mu da muka manta da babur a Maiduguri tun da aka hana hawansa, sai ga shi an ce ba abin hawa zuwa tasha sai shi. Aka ɗora ni a bayan wani matashi mai tuƙi kamar ana bin sa. Babbar rigata ta cika da iska, hulata ta tashi, mai babur na baya ya cafe ta ya miƙo mini muna cikin gudu. Ba Modu yana bayanmu yana ihu, "Riƙe shi da kyau, kayan masallaci ne!"

Wulaƙanci na biyu a wurin binciken kaya. Ni jakata a tsare take: riguna a ƙasa, wanduna a kai, sannan darduma, sannan magani da asuwaki a aljihun gefe. Wani jandarma, jami'in tsaronsu, ya zazzage ta gaba ɗaya a kan tebur, ya duba, bai ga komai ba, ya yi mini nuni da hannu in kwashe. Na ce ba zan cusa kaya kamar mai gudun gobara ba. Na tsaya na ninke kowane ɗaya na mayar da shi inda yake. Kafin in gama motar Mora ta cika ta tafi. Yagana ta ce, "Baba, da ka bari mun gyara a masauki." Ba Modu ya ce, "Ƙyale shi, yana daidaita sahun wanduna." Muka zauna a gindin bango muna jiran wata motar har bayan azahar.

A Mora muka ci abinci, in dai za a kira shi abinci. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa yana yanka dasashi. Mai sayarwa ya tsaga shi ya zuba wake, ya zuba taliya, ya shafa wani farin mai, ya miƙo mini. Taliya a cikin burodi! Na ce a ba ni kowanne daban a faranti. Ya dube ni kamar ni ne baƙon al'ada. Na ci saboda yunwa, amma ban yarda da shi ba.

Zango na uku, Marwa. Mun sauka a gidan Alhaji Hamadu, Bafillace, abokin cinikin Ba Modu na shanu. Tun daga ƙofa suka fara abin da Barebari da Fulani suka saba. Alhaji Hamadu ya leƙo ya ce, "Wa ya sako mini bawana ba igiya?" Ba Modu ya ce, "Ubangidanka ne ya zo, ɗan nagge. Kawo ruwa, kuma ban ce nono ba, na san ka tsarma shi." Suka rungume juna. Aka ba mu ɗakin zaure, Yagana ta shiga cikin gida wajen mata. Ɗakin tsaf yake, tabarma a share, buta a cike, ban sami abin cewa ba. Aka kawo tuwon gero da miyar yakuwa mai gyaɗa da kindirmo mai sanyi. Ba Modu ya cinye kwanonsa ya taɓa nawa, yana cewa wannan ba abinci ba ne, ranar da Hamadu ya ɗanɗana burabusko zai bar garinsu. Alhaji Hamadu ya ce, "Ci a hankali, Babarbare, ba a ƙwace wa bawa kwano a gidana."

Yanzu abin da aka kai mu gani. Zan faɗi na kirki kafin na banza, domin ni ba na cin haƙƙin gari.

Na kirki na farko, inuwa. Manyan titunansu dogon yaro da maɗaci sun haɗe a sama, mutum ya yi tafiya mai nisa rana ba ta taɓa shi ba. A wani wuri na ga an karkatar da kwata don kada a sare itace. Mu ma haka garinmu yake a da, duk wanda ya girma a Maiduguri ya sani. Yanzu mai shago ya ga itace ya kare masa allon talla sai ya kira mai gatari.

Na biyu, kogin da ya ratsa garin, suna ce masa mayo. Da rani yashi ne zalla, faɗinsa kamar filin idi. A inda muka tsaya na ga masu wanki sun tona rami suna ɗibar ruwa, yara suna ƙwallo, mutane suna ratsawa a ƙasa zuwa kasuwa. Na tambayi Alhaji Hamadu ko ba mai gini a ciki. Ya ce, "Mai wurin yana zuwa da damina, ba ya sallama." Na tuna bakin koginmu na Ngadda, da gidajen da muka cusa a hanyar ruwa, da abin da ruwa ya yi mana. Yagana ta ce irin wannan take so, hanyar ƙafa a bakin kogi da itatuwa jere, daga unguwa zuwa unguwa. Na ce wannan kam ko gobe, ni zan fara dasawa.

Sai na banza. A unguwar Alhaji Hamadu, daura da gidansa, akwai lambu irin wanda Yagana ta zana mana sak. Katangar ƙarfe, hanya mai lanƙwasa, ciyawa kore, kurtun siminti a tsakiya. Muka je da rana, ƙofa a kulle, mai gadi ya tafi cin abinci. Muka koma da la'asar aka buɗe mana. Kujerun ƙarfe ne, na zauna a ɗaya na miƙe ba shiri, ta sha rana. Itatuwan da aka dasa wasu dogaye ne sirara masu ganye a sunkuye, inuwarsu ba ta isa akuya ba. Kurtun ba ruwa, sai ledoji. Babu kowa a ciki. Mutanen unguwa kuwa suna waje, sun shimfiɗa tabarmi a gindin wani tsohon maɗaci da katangar ta bari a bakin titi.

Na ce, "Alhaji, wa yake shiga nan?"

Ya ce, "Amare. Suna zuwa ɗaukar hoto."

"Da can mene ne a wurin?"

"Filinmu ne."

"Ina kuke jana'iza yanzu?"

Ya ce, "Allah Ya sa kada ka gani."

Allah bai karɓi wannan addu'ar ba. Washegari wani tsoho maƙeri, maƙwabcin Alhaji Hamadu, ya rasu. Muka fita tare da mai masaukinmu. A kan kwalta aka yi sallar. Aka gitta benci a titi don tare abin hawa, aka ajiye makara a gindin katangar lambun. Babura suka taru ta gefe biyu, na gaba sun ga gawa sun kashe inji, na baya ba su gani ba suna ta oda. Sahu na farko ya miƙe, na biyu ya karye a kan kwata, na uku rabinsa yana kan tudu rabinsa a gangare. Na ga dattijo ƙafarsa ɗaya a bakin kwata ɗaya a kan kwalta mai zafi, ya cire takalmi. Ta cikin sandunan katanga kuma ga fili shimfiɗe, kore shar, ba kowa, a kulle.

Ban san lokacin da na fita daga sahu ba. Na fara, "A matso, a daidaita, kafaɗa da kafaɗa," a garin da ba nawa ba. Wani mutum da ke jin Hausa ya ce mini a hankali, "Baba, mu matsa ina?" Na duba, babu inda za su matsa. Na koma wurina. Liman yana kabbara ta uku wata babbar mota ta saki oda a bayanmu. Ni dai ban taɓa yin sallar gawa da ɓacin rai irin na ranar ba.

Yagana tana tsaye a bakin zaure ta ga komai. Da muka dawo daga maƙabarta ta fito da zanenta ta same mu a tabarma. Ita ta fara magana. Ta ce, "Baba, na cire kurtun. Na cire katanga da furannin tsakiya. Tsakiyar za ta zauna yashi kamar yadda take. A gefen da ba itace mu dasa dogon yaro, mu yi dakali a ƙarƙashi, mu gyara hanyar ruwa, hanyar ƙafa ta bi ta bayan itatuwa." Na ce, "Allah Ya yi miki albarka." A raina na ce tafiya ta biya, har taliyar cikin burodi na yafe.

Sai ta ƙara da wata magana, kuma ku riƙe ta da kyau. Ta ce masu awo za su zo ba da daɗewa ba su kafa duwatsun iyaka, daga nan filin ya zama na jama'a a hukumance, ba mai taɓa shi. Amma ƙa'idar aikinsu ita ce wurin da yake fayau kaɗai suke aunawa. Duk inda suka tarar da gini ko kayan wani, sai su bar shi a wajen layi, don ba sa son rigima. Ta faɗi haka ne a gaban kawunta. Ba Modu yana tauna goro, ya ce madalla, ya miƙe ya ce zai je ya gaisa da mutanen kasuwar shanu.

Zango na ƙarshe, komowa. Mun ɗan ƙara kwana Yagana ta ƙarasa ganin abin da za ta gani, sannan muka yi sallama. Alhaji Hamadu ya ba ni kilishi, ya ba Ba Modu igiya ya ce ya ɗaure kansa in ya isa gida. A kan babur ɗin iyaka wannan karon na cusa hula a aljihu. Muna shiga Banki, mun zauna a mota, wayata ta kama layi, sai ga kiran mai ɗakina.

Ta ce, "Malam, kana ina? Tifa ta shiga fili."

Na ce, "Wace tifa? 'Yan ƙungiya ne?"

"Wace ƙungiya? 'Yan unguwa ne. Tun shekaranjiya ake juye yashi, yanzu har da bulo."

"Wa ya fara?"

"Bakura, ɗan Ba Modu. Ya ce babansa ne ya bugo daga Kamaru."

Ba Modu yana zaune a gefena, cinyarsa tana taɓa tawa.

Ga baƙon da bai san halinmu ba, bari in bayyana. A garin nan in mutum yana son wuri ba ya cewa yana so. Tifar yashi yake kira ta juye. In an tambaye shi ya ce ajiya ya yi. Yashin ya shekara a wurin, akuya ta kwanta a kai, ido ya saba. Sai bulo ya zo ya zauna kusa da shi. Wata safiya a tashi a ga shago, kuma duk unguwa ta shaida cewa ai wurin na wane ne tun da daɗewa, ga yashinsa nan kowa ya sani.

Na kashe waya na ce, "Modu." Ban sa masa "Ba" ɗin girmamawa ba. "Kai ka aika a juye yashi a filin jana'iza?"

Bai ko musa ba. Ya ce, "Ado, a gefe ne. Ɗan wurin shago ne, Bakura yana zaune ba sana'a. In ban zuba ba wani zai zuba."

"Wani bai zuba ba sai da ka zuba!"

"To ni na ce su bi ni?"

"Kana tsaye a sahu ɗaya da ni a kan kwaltar nan. Ka ji odar motar nan. Daga maƙabarta ka dawo ka ɗauki waya?"

Yagana tana kujerar gaba, ta juyo. Ta ce, "Kawu, maganar da na faɗa a gabanka ce ka ɗauka?" Ya ce, "Yagana, ke yarinya ce, ba ki san yadda ake zaman gari ba." Ta ce, "Yanzu na sani." Ta juya, ba ta sake ce masa komai ba har Maiduguri. Wani fasinja a baya ya ce, "Alhaji, filin yana ina ne? Akwai sauran wuri?" Mota ta kwashe da dariya. Ni ban ga abin dariya ba. A shingen farko na sauka, da aka koma na zauna a wurin da ba nawa ba, karo na farko a rayuwata, don kada in sake zama kusa da shi.

Ban shiga gida ba, da jakata na wuce fili. Yashin Bakura yana gefen kudu, kuma gaskiya a gefe yake. Amma na kusa da shi ya ɗan shigo ciki, na gaba ya ƙara shigowa. Wanda ba shi da halin tifa ya kawo abin da yake da shi. Akwai mai tsohuwar mota ba taya, an jawo ta an ɗora a kan duwatsu. Akwai mai kwantena. Akwai wanda ya kafa turaku huɗu ya ɗaura tsumma. A daidai inda liman yake tsayawa an jera bulo, tsayin ƙugu.

Na bi gidajen masu kayan ɗaya bayan ɗaya, daga kudu zuwa arewa. Amsa iri ɗaya ce kamar sun haɗa baki. "Ajiya ce, Malam." "Ai mun ji gwamnati za ta ƙwace, gara ɗan unguwa ya amfana." "In wane ya kwashe ni ma zan kwashe." Na ce musu ba mai ƙwacewa, yarinyar ta gyara zanen, filin zai zauna namu in dai an tarar da shi fayau. Mai kwantena ya ce, "To ai ka ga in an tarar da kwantenata, nan ma nawa ne." Mutumin nan ni na daidaita sahun jana'izar mahaifinsa.

Ana cikin haka Ya Kaltum ta rasu, tsohuwar unguwarzoma. Rabin masu yashin nan a hannunta suka faɗo duniya. Jama'a ta taru sosai. Aka rasa inda za a ajiye makara, aka ajiye ta a gaban bulo, liman ya matse a tsakani. Mutane suka tsaya gungu-gungu a tsakanin tulin yashi, wasu a bayan mota ba sa ko ganin liman, jikokinta biyu sun hau kan yashi ƙafafunsu suna nutsewa. Liman ya waiwayo ya dube ni, kowa ya dube ni, suna jiran in ce a matso a daidaita.

Na ce, "Yau ba ni da sahun da zan daidaita. Kowa ya san yashinsa. Ya je ya tsaya a bayansa ya yi mata salla."

Ba wanda ya motsa. Ba wanda ya ɗaga kai. Liman ya ce a hankali, "Malam Ado, gawa tana jira." Gaskiyarsa ce, ita ba ta yi wa kowa laifi ba. Na jera abin da zai jeru, aka yi salla a karkace, aka kai ta.

Da la'asar ina zaune a ƙofar gida sai ga Ba Modu da Bakura, da baro da shebur. Ya tsaya a gabana ya ce, "Ba don kai ba ne, Sarkin Sahu. 'Yar ƙanwata ta daina gaishe ni, uwarta kuma ta ce kada in sake taka mata gida." Na ce, "Ko don wa ne, kwashe." Bai kai yashin ko'ina ba, a filin ya baza shi, ya cike kwarin da ruwa yake kwanciya. Yana yi yana haki yana zagin Fulani, ban san me suka yi masa ba. Mutum uku suka ga haka suka kwashe nasu. Mai turaku ya zo ya tuge abinsa yana cewa dama shanya ya yi niyya.

Sauran suna nan. Kwantena tana nan. Mota tana nan, har kaza ta fara ƙwai a ciki. Bulon da ke wurin liman yana nan, an ma ƙara masa layi ɗaya. Na tambayi Yagana ko za ta iya jinkirta masu awo, ta ce ba a hannunta yake ba, ranar da suka zo abin da suka gani shi za su auna, kuma dutsen da suka kafa ba ya tashi.

To, ga Marwa, na ba ku ita daga tasha zuwa tasha. Ku da kuke tare ni kuna tambayar ko gaskiya ne burodinsu ya kai sanda, na san ku, kun san na san ku, kuma na san inda kayan kowa yake a filin nan. Kowane ɗayanku wata rana a kafaɗa za a fito da shi, a nemi inda za a ajiye shi. Shebur biyu ne a zaurena, da baro ɗaya. Ba sai an yi sallama ba, ƙofar a buɗe take.